Tumbin Fatoma Dalhatu

Ni da Dalhatu taubasai ne, uwata ƙanwar ubansa ce, saboda haka abin da mutanen Maigatari ke faɗa a bayan idonsa ni a gabansa nake faɗa, ba abin da zai iya yi mini. Mutumin nan ya yi ƙiba har ta wuce a yi masa barka, ta kai a yi masa jaje. In ya tsaya a ƙofar zaure haske kan ragu a ciki. Ni sunana Ilu, dillalin raƙuma ne, kuma Allah ya yi ni siriri. In muka jero a hanya, 'yan kasuwa kan ce ga buhu ga igiyar ɗaure shi, ni kuwa ban taɓa jin haushi ba tunda ba ni ne buhun ba.

Dalhatu fatoma ne, wato mai masaukin fataken dabbobi. Masu shanu da raƙuma daga Damagaram da dazukan Sule Tankarkar kan sauka gidansa ranar Laraba, ya ba su ɗaki da abinci, ya tsare musu dabbobi, wayewar Alhamis ya shiga kara, wato kasuwar dabbobi, tare da su ya tsaya musu har a gama ciniki. Sana'ar gado ce. Mahaifinsa Alhaji Siddiku ya bar masa ɗakunan baƙi a jere, ya bar masa baƙin da ke sauka cikinsu, wasu tun kakanninsu nan ne gidansu. Ya kuma bar masa ƙa'ida ɗaya wadda ta fi ginin gidan nauyi: fatoma ba ya aika wa baƙo abinci. Da kansa yake zama ya sa hannu a akushi ɗaya da shi, kuma ba ya tsame hannu sai baƙon ya tsame. A ganin tsohon, in maigida ya riga baƙo janye hannu, kamar ya ce masa ne ya isa haka, kana cinye mini gida.

A zamanin Alhaji Siddiku ƙa'idar ba ta cutar da kowa ba, don baƙin ba su da yawa. Zamanin Dalhatu kasuwa ta buɗe, ɗakuna suka ƙaru, kowane ɗaki da tawagarsa, kowace tawaga da kwanonta. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya ta ranar Laraba za ka ga ɗan'uwana yana fita wannan ɗaki yana shiga wancan, yana wanke hannu yana sake ɓata shi. Alhamis da safe a maimaita da fura da dambu. Masu raƙuma kuwa ba sa gaggawa, wani sai ya kai Asabar, kuma kullum fatoma na gefen kwanonsa.

Matarsa Hajiya Zuliha ita ma ta sa nata hannun a cikin lamarin ba tare da ta sani ba. Kwanukan kan dawo mata a suɗe, ko ɗigon miya babu. Ita kuwa a gidan da ta tashi, kwanon baƙo in ya dawo a suɗe abin kunya ne, alama ce bai ƙoshi ba. Sai ta ƙara. Daga akushi aka koma langa, daga langa aka koma babban tire, har aka wayi gari a daro ake fito da tuwon gidan Dalhatu, man shanu na yawo a saman miya. Daron ma a suɗe yake komawa.

Wata Alhamis da bazara, ana tsakiyar ciniki a kara, Dalhatu ya ce bari ya ɗan zauna. Ya zauna a ƙasa, ya kasa tashi, idonsa ya juye. Ƙarti suka taru suka ɗaga shi suna nishi. Ƙofar ƙaramar mota ta ƙi karɓarsa, sai a bayan a-kori-kurar da ta kawo raguna aka shimfiɗa tabarma aka kwantar da shi muka nufi Gumel. Ina riƙe da kansa a cinyata, kuma ranar ban tsokane shi ba, don tsoro ne ya cika ni.

Babbar 'yarsa Muhsina nas ce a Gumel, can take aure. Ita ta karɓe mu, ita ta tsaya har ya farfaɗo, ita ce kuma ta tisa shi gaba zuwa Kano wurin babban likita. Ni aka ɗauka don in riƙe masa jaka in kuma hana shi guduwa.

Likitan bai yi kwana-kwana ba. Ya ce akwai ciwon sukari, akwai hawan jini, numfashinsa kan ɗauke in yana barci, gwiwoyin kuma sun gaji da aikin da ba nasu ba. Ya tambaya ko an taɓa gwada rage ci. Muhsina ta ce an sha gwadawa, daga Asabar zuwa Talata mahaifinta kan yi biyayya kamar sabon ɗalibi, Laraba na zuwa ta rushe komai. Likita ya ce to akwai tiyata da ake yi a Abuja, a yanke mafi yawan tumbin a bar shi siriri. Ya ce aiki ne babba, yana da haɗarinsa, bai ɓoye ko ɗaya ba, amma a ganinsa zama a haka ya fi aikin haɗari.

Na zaci Dalhatu zai tambayi ko ana mutuwa. Ba ita ya tambaya ba.

"Likita, in an yi, nawa zan iya ci a zama ɗaya?"

"Da farko ruwa-ruwa kawai. Daga baya, abin da bai wuce cikin ludayi ba. In ka matsa masa, dawowa zai yi."

"Na ɗan lokaci ne, ko har abada?"

"Zai ɗan saki kaɗan. Amma Alhaji, irin cin da 'yarka ta kwatanta mini, kun yi sallama da shi."

Dalhatu ya yi godiya, ya gyara hula, muka fito. Ba mu bar Kano ba ya ce ba zai yi ba. Muhsina ta ɗauka wuƙa yake tsoro, ta shiga yi masa bayanin allurar barci. Ya bar ta ta gama, sannan ya juyo wurina.

"Kai ka san gidan nan, Ilu. In zauna da Arɗo Manu, mutumin da ya ci tuwo da ubana, in yi loma kaɗan in janye hannu? Da wane ido zan dube shi? Laraba mai zuwa ɗakunan nan sai jemagu."

"Baba, ai sai ka yi musu bayani," in ji Muhsina.

"Bayani ba ya shiga akushi, 'yata. Hannu ke shiga."

Na san ba shirme yake faɗa ba. Fatake ba takarda suke ƙullawa da fatoma ba. Mutum kan miƙa maka igiyar garken da ya shekara yana kiwo, ya juya baya ya tafi salla, don kawai kun ci abinci a kwano ɗaya. In wannan ya tsinke, ga gidan Alhaji Zakiyyu can a bakin tasha, shi ma fatoma ne, ɗakunansa har da fanka.

Da Muhsina ta ƙi sakin maganar, sai Dalhatu ya ɓullo da dabara. Ya ce shi ba zai bari a taɓa halittar Allah ba sai ya ji ta bakin malami. Muka ɗauki hanyar Gagarawa wurin Malam Habibullah, wanda suka yi karatu tare suna yara. Duk hanyar Dalhatu na cikin walwala, don ya riga ya tsara amsar da za a ba shi. Ya zayyana wa Malam lamarin, yana ta ƙara wa wuƙar tsawo, yana cewa za su yanke abin da Allah ya halitta su jefar.

Malam ya saurare shi har ƙarshe, ya dube shi daga sama har ƙasa, abin da ya ɗauke shi ɗan lokaci.

"Dalhatu, likitocin sun ce ado ne ko magani?"

"Sun ce magani."

"To neman magani halal ne. Kuma wannan da nake gani ba haka Allah ya halicce ka ba, na san ka kana tsallake katanga. Ka zo ne in haramta maka don ka samu abin faɗa wa 'yarka, ni kuwa ba zan ɗauki alhakinka ba. Addu'a dai zan yi maka, ita ce tawa."

A hanyar dawowa ya ɗaure fuska tamau. Ni kuwa dariya ta ci ni har direba ya tambaya ko lafiya.

Daga nan muka gwada tsaka-tsaki. Aka shirya ni zan riƙa zama da baƙi a madadinsa, shi ya shigo ya gaisa ya fita. Larabar farko na zauna da tawagar Alhaji Ya'u, attajirin Damagaram, wanda shi ne mafi girman baƙin gidan. Na yi iyakar ƙoƙarina, amma cikina na dillalin raƙuma ne, tun ban ga gindin daron farko ba na fara ganin jiri. Alhaji Ya'u ya dube ni, ya dubi ƙofar da Dalhatu ya bi ya fita.

"Ina fatoma ya tafi?"

"Likita ya hana shi cin mai nauyi, Alhaji."

"Lokotoro ya hana shi tuwo, ko ya hana shi mu?" Ya wanke hannu ya jingina da bango. "Na cika motar kamiyo da shanu na ƙetaro iyaka, a ce ɗan aike za ya zauna da ni."

Ban ji daɗin a kira ni ɗan aike da furfurata ba, amma na haɗiye. Larabar da ta biyo, motar Alhaji Ya'u a ƙofar gidan Zakiyyu ta tsaya. Dalhatu ya ga wucewarta da idonsa. Ya ce da ni, "Ka gani ko?" Ya naɗe hannun riga ya koma zagayen ɗakuna, har ya fi da ƙwazo, kamar mai biyan kaffara.

Damina ta faɗi, ƙaya ta soke shi a babban yatsan ƙafa. Ƙaramin rauni ne wanda da ni ne ko dubawa ba zan yi ba, amma nasa ya ƙi warkewa, ya fara ruwa. Muhsina ta riƙa zuwa daga Gumel tana wanke masa. Wata safiya ina zaune a tsakar gida tana naɗa bandeji, sai na ji muryarta ta canza, ladabin na nan amma taushin ya tafi.

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A wurin aikina na sha ganin inda irin wannan ke ƙarewa. Yatsa ake fara cirewa, sannan ƙafa. Baƙin da kake kashe kanka saboda su, ran da aka ɗauke ka za su zo su yi mana gaisuwa, su yi addu'a, su tambayi hanyar gidan Zakiyyu. Mu ne ba mu da wani gidan da za mu koma."

Hajiya Zuliha na bakin murhu, ta juya baya tana share ido da gefen zane. Dalhatu ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa. Maganar ta shige shi, na gani, amma ba ita ta karya shi ba.

Abin da ya karya shi ya faru ne ranar Alhamis ɗin makon. Ƙafar ta hana shi shiga kara, sai aka ajiye masa kujera a inuwar bakin ƙofa, ya zauna yana hangen ciniki daga nesa. Arɗo Manu ya kawo bijimai. Tsoho ne Bafulatani daga dajin Sule Tankarkar, ya manyanta ƙwarai, gemunsa fari fat, shi ne mafi daɗewa a cikin baƙin gidan. Da yake fatomansa ba ya kusa, shi da kansa ya riƙe igiya a tsakiyar rana, dillalai sun kewaye shi kowa na jan hannunsa, shi kuwa yana ta waige-waige yana neman fuskar da ya sani. Dalhatu ya yunƙura zai tashi, kujerar ta yi ƙara, ya koma ya zauna. Na bar raƙumana na je na tsaya wa tsohon. Da na dawo na tarar da ɗan'uwana hawaye na bin kumatunsa, bai ko ɓoye ba.

"Ilu, aikin fatoma biyu ne, ya ci da baƙo, ya tsaya masa a kara. Na riƙe na farko har ya cinye na biyun. Dubi inda na bar abokin ubana." Ya ja numfashi. "Kira mini Muhsina. Ka ce ta nemo likitan nan."

Bai tafi a ɓoye ba, kuma wannan ne abin da na fi girmama shi a kai. Larabar da ta zo ya sa aka shimfiɗa tabarmi a babban zaure, aka tara baƙin ɗakuna duka wuri ɗaya. Ya zauna a gabansu da ƙafarsa a naɗe, ya faɗa musu komai ba ƙari ba ragi.

"Za a yanke mini tumbi. In Allah ya sa na tashi, ba zan ƙara iya cin abin kirki ba. Zan zauna da ku, zan sa hannu, amma zan riga ku tsamewa, abin da ubana ya hana. Ba rowa ba ce, ba kuma raini ba ne. Wanda ya ga ba zai iya ɗaukar wannan ba, gidan Alhaji Zakiyyu na nan, mutumin kirki ne, kuma wallahi ba zan riƙe kowa a zuciya ba."

Zauren ya yi tsit. Na dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda zai ce muna tare da kai. Babu. Arɗo Manu ya kafa wa tabarma ido yana murza carbi. Can wani ya ce Allah ya ba da lafiya, sauran suka amsa da amin, aka tashi. Raina ya ɓaci matuƙa, na ce a zuciyata shekara da shekaru ana ciyar da mutanen nan, iyakar abin da suke da shi ke nan. Dalhatu ya ɗauki shirun a matsayin ban kwana. Duk da haka bai fasa ba.

Sai da aka shawo kan sukarin, yatsan ya rufe, sannan muka tafi Abuja, ni da shi da Muhsina. Da safen da za a shiga da shi, yana kwance cikin wata rigar asibiti da aka haɗa biyu kafin ta rufe shi, ya kamo hannuna.

"In na dawo na tarar da gidan ba kowa, za ka ɗauke ni yaron dillancin raƙuma?"

"Ka bari a rage ka tukuna," na ce. "A yanzu in raƙuma suka gan ka gudu za su yi, su zaci hawa za ka yi."

Yana dariya aka tura shi. Ni kuwa ƙofar na rufewa na nemi bango na jingina.

Allah ya sa aiki ya yi kyau. Abin da ya biyo baya dai ba daɗi. A gidan Muhsina a Gumel ya yi jinya, mutumin da ke share daro ya koma kurɓar romo da cokalin shayi. Akwai ranakun da ya yi ta amai, akwai ranakun da ya zage ni ya zagi likita ya ce mun haɗa baki mun cuce shi. Muhsina ba ta ɗaga masa ƙafa ba. Kullum da safe sai ta fito da shi tafiya, farko zuwa bakin layi, daga baya har ya riƙa zaga unguwa. Riguna suka fara yi masa yawa, tela ya rage, suka sake yin yawa. Aka rage masa magungunan sukari. A Maigatari kuwa baki bai huta ba. Wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce asiri aka yi masa, wasu suka ambaci ciwon da ba a faɗa. Ni nake riƙe da gidan a lokacin, kuma gaskiya baƙi sun yi ƙaranci, kowane mako sai an rufe wani ɗakin. In ya tambaye ni a waya sai in ce ana nan ana lallaɓawa.

Bayan kaka ya dawo. Na aika saƙo ta bakin direbobi da 'yan acaɓa cewa fatoma ya dawo, Laraba yana gida. Ranar tun hantsi ya yi wanka ya sa sabuwar riga, ya fito ya tsaya a ƙofar zaure. Mutumin da na sani ne, amma kamar an fito da shi daga cikin wancan na da. Har yanzu ƙato ne, ba za a kira shi siriri ba, sai dai yanzu yana da wuya, abin da na manta yana da shi. Muka tsaya muna kallon hanya. Rana ta take tsaka, ba kowa. Aka kira azahar, muka yi salla, muka dawo muka tsaya. Shi kuwa sai gyaran hula yake ta yi.

Can sai ga ƙura daga yamma, ga ƙahonni. Arɗo Manu ne a gaba da sandarsa a kafaɗa, 'ya'yansa na kora bijimai. Bayansu masu raƙuma, sannan wata tawagar daga ƙetare. Ba duka suka zo ba, Alhaji Ya'u ma bai zo ba, kuma na tabbata wasu kallo ya kawo su. Amma zaure ya cika.

Hajiya Zuliha ta kwana biyu ba ta yi girkin baƙi sosai ba, sai ta huce a kan wannan. Aka fito da daro, tuwon gero da miyar kuka, man shanu har yana ƙyalli. Dalhatu ya zauna kusa da Arɗo, ya yi bismilla, ya gutsiri ɗan abin da bai fi goro ba. Ya daɗe yana taunawa. Ya sake gutsura, ya sake. Sannan ya tsaya. Ina kallon hannunsa a bakin daron. Ya rufe ido, ya janye shi, ya ɗora a gwiwa.

Duk zauren aka daina tauna. Arɗo Manu ya dubi hannun Dalhatu, ya dubi tuwon da ko kwata ba a ci ba. Ya ƙara loma biyu a natse, ya suɗe yatsunsa, ya janye nasa hannun, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Ɗan Siddiku, yau Allah ya 'yanta ni."

Dalhatu ya buɗe ido. "Baffa, ban gane ba."

"A wurinmu, baƙo ba ya janye hannu maigida na ci. Kamar ka ce masa abincinsa bai yi ba ne. Kai kuwa ba ka tsayawa. Ina ci ina satar kallonka, ina cewa yanzu zai tsaya, yanzu zai tsaya, har mu ga gindin kwano. In zan zo gidan nan tun Litinin nake rage ci. In na koma ruga, kanwa nake jiƙawa ina sha." Ya nuna 'ya'yansa da haɓa. "Waɗannan har gardama suke yi kan wanda zai rako ni."

"Ni kuma ku nake jira," in ji Dalhatu a hankali. "Duk shekarun nan ku nake jira ku tsame."

"Ran da ka tara mu ka ce za a yanke, na so in ce madalla. Na ga bai dace a yi wa mutum murna zai shiga hannun masu wuƙa ba, sai na yi shiru."

Wani mai raƙuma ne ya fara fashewa da dariya, ya ce shi ya sha kwance mazagin wando a ɓoye a ɗakin nan. Wani ya ce shi ya zaci gwajin jarumta ne fatoman ke yi musu. Zaure ya kaure, manyan mutane masu furfura suna riƙe ciki suna share hawaye. Dalhatu na dariya yana kuka a lokaci ɗaya. Ni ma na yi, kuma ban taɓa jin farin ciki irin na wannan yammacin ba.

Aka mayar da daro ciki da fiye da rabin tuwon. Ba a jima ba muka ji takun Hajiya Zuliha, ta tsaya a bayan ƙofar cikin gida.

"Alhaji, me ya samu miyar?"

"Ba abin da ya same ta, Hajiya," Arɗo ya amsa kafin mijin ya buɗe baki. "Yau ne ma na ji ɗanɗanonta. Da can ba na samun sukunin ji."

Aka mayar mata da yadda aka yi. Sai ta ce, "Wato ni ina can ina tuƙa tuwo har kafaɗata ta kusa gocewa, ina cewa ba ku ƙoshi ba, ku kuna nan kuna jiran juna. Allah ya isa tsakanina da daron nan." Muka ji ta koma ciki tana faɗa, tana kiran a fito mata da tsofaffin akusan surukinta daga ɗakin ajiya.

Da hayaniya ta lafa, Arɗo ya matso kusa da Dalhatu ya rage murya.

"Akwai wata magana. Ƙanena da mutanensa, da surukaina na wajen iyaka, shekaru ke nan a gidan Zakiyyu suke sauka. Ba don sun fi son can ba, cikinsu ne ba ya iya gidan nan. In na koma na faɗa musu, Laraba mai zuwa tare za mu zo. Suna da yawa fa. Kana da wurin sa su?"

Dalhatu ya dube ni. Na ce ɗakunan da na rufe suna nan, sai dai shara da sabbin tabarmi. Ya ce a buɗe su duka yau ɗin nan, a ga inda ke yoyo. Na miƙa masa hannu in ɗaga shi, ya ture hannun, ya miƙe da kansa, ya shige cikin gida neman makullai.